Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Gundumar Bronx, Vanessa Gibson: Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni Bahaushe ne da ya shafe sama da shekara 20 yana zaune a wannan gunduma taki ta birnin New York, kuma tafinta ce sana'ata, wato ni ne ake kira idan likita ko ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta rasa yadda za ta fahimci wani dattijo daga Maraɗi ko wata uwa daga zangon Kumasi. Na rubuta wannan takarda da Hausa ne da gangan, domin rabin maganar naki ne, rabin kuma na mutanena ne, kuma ina so su ji ta da harshen da suke tunani da shi. Na tabbata ofishinki ba zai rasa wanda zai karanta miki ita ba, idan kuwa ya rasa, to wannan ma yana cikin abin da na zo faɗa.

Kin kama aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, a matsayin mace ta farko kuma baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan kujera, kuma ba ki cika kwana 10 a ofis ba aka wayi gari da gobarar Twin Parks. Ranar Lahadi ce, 9 ga wata, da hantsi, hitar lantarki, wato na'urar ɗumama ɗaki, ta kama da wuta a wani gida da ke can ƙasa-ƙasa cikin benen mai hawa 19 a Titi na 181. Wutar kanta ba ta yi nisa ba. Ƙofofin da ya kamata su rufe kansu ne suka tsaya a buɗe, hayaƙi ya bi matakala ya cika ginin har sama, ya kashe mutum 17, 8 daga cikinsu yara, kuma akasarinsu Musulmi ne 'yan asalin Gambiya. Mako guda bayan haka muka tsaya cikin tsananin sanyi a Cibiyar Musulunci ta Bronx muka sallaci gawa 15 a jere, wasu akwatunan ƙanana ne ƙwarai. Duk wanda ya tsaya a wannan sahu ba zai manta da shi ba, kuma ke ma kin ga halin da aka shiga a waɗancan kwanaki da idonki.

Ba wannan ne karon farko ba. A watan Maris na 1990 an cinna wa gidan rawa na Happy Land wuta, mutum 87 suka mutu, yawancinsu matasa 'yan Honduras, da yawa daga cikinsu 'yan ƙabilar Garifuna, baƙar fata irinmu. A watan Maris na 2007 wata hita ta sake haddasa gobara a Titin Woodycrest, ta hallaka mutum 10 'yan asalin Mali, 9 daga ciki yara. A watan Disamba na 2017 gobarar Titin Prospect ta ci mutum 13, cikinsu har da Emmanuel Mensah, sojan nan haifaffen Gana da ya yi ta komawa cikin ginin yana fito da mutane har wutar ta rutsa da shi. Bayan Twin Parks majalisar birni ta tsaurara dokar ƙofofi masu rufe kansu da ta ingancin hita, kuma wannan aiki ne mai kyau da ya cancanci yabo. Sai dai ƙofa da hita da ƙararrawar hayaƙi abubuwa ne da sufeto zai iya zuwa ya duba ya sa hannu. Ni kuwa abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɓarnar da babu sufeton da ke duba ta, wadda ke zama a zukatan waɗanda suka tsira, da maƙwabtansu, da yaran da suka koma aji suka tarar da kujerar abokinsu babu kowa.

Bari in ba ki labarin wata maƙwabciyata, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Ba a ginin da ya ƙone take zaune ba, amma 'ya'yanta suna karatun Islamiyya tare da wasu daga cikin yaran da suka rasu, kuma tana tsaye a kan titi lokacin da 'yan kwana-kwana ke fito da mutane. A makon farko babu wanda ya kai ta ƙoƙari, domin ita ce ke dafa shinkafa a babbar tukunya ana kai wa waɗanda aka sauke a otal, ita ce ke tattara riguna da barguna. Sai wajen watan Afrilu, bayan kowa ya koma harkarsa, matata ta lura cewa wannan baiwar Allah ta daina cire hijabi idan za ta kwanta. Takalmanta da na yaranta suna jere a bakin ƙofa, kusa da su kuma akwai wata jakar leda da ta zuba fasfo da takardun haihuwa a ciki. Ta cire wayar kowace na'ura daga bango, har firji wani lokaci. Wata rana batirin ƙararrawar hayaƙinta ya yi sanyi, ta fara wannan ɗan ƙaran da take yi jifa-jifa, sai ga ta da ƙarfe 3 na dare ta kwaso yara ta sauko bene ba ko ɗankwali a kan ƙaramar. Da aka tambaye ta lafiya, sai ta ce lafiya lau, hawan jini ne kawai yake damunta. Hausawa sun ce wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ita wannan gudun ya hana ta barci, ya hana ta zuwa aiki, har ya fara shafar yaranta, kuma babu rajistar wata hukuma da sunanta ya shiga a matsayin wadda gobarar ta shafa.

Al'ummarmu ta iya kwanakin farko na musiba, wannan kam ba a koya mana. Muna da zaman makoki, muna da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, muna da ƙungiyoyin gari da adashen mata da asusun kai gawa gida, kuma kowa ya ga yadda ƙungiyar matasan Gambiya ta tara fiye da dala miliyan 1 cikin 'yan kwanaki. Hukumomi ma a nan suka fi ƙarfi, domin a makon farko za ki ga Red Cross da jami'an birni da 'yan jarida da 'yan siyasa sun cika wurin. Matsalar ita ce agajinmu da na gwamnati kusan lokaci ɗaya suke janyewa, kuma lokacin ne ciwon yake fara nuna kansa. Ranar da aka naɗe tabarmar makoki, baƙi suka watse, aka mayar da kujerun aro, ranar ce uwa ke zama ita kaɗai da hoton abin da ta gani.

Abin da ya faru a New Orleans ya tabbatar da haka da alƙaluma. Guguwar Katrina ta afka wa birnin ranar 29 ga Agusta, 2005, ganuwar tare ruwa ta karye, kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, birnin da kashi biyu cikin uku na mazaunansa baƙar fata ne. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ronald Kessler na Jami'ar Harvard sun bi waɗanda abin ya shafa, sun tarar cewa 'yan watanni bayan guguwar kusan kashi 15 cikin 100 na fama da ciwon firgici irin wanda ke biyo bayan mummunan tashin hankali, sannan da suka sake komawa bayan shekara guda, maimakon adadin ya ragu kamar yadda aka saba gani, sai ya haura zuwa kusan kashi 21, masu tunanin kashe kansu kuma suka ninka har da ɗoriya. Wani binciken da ya bi iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi, akasarinsu baƙar fata, ya gano cewa bayan shekara 12 mace 1 cikin 6 tana nan da alamomin wannan ciwo. Dalilin bai ɓuya ba. Mutum ba ya warkewa daga firgici alhali bai san inda zai kwana wata mai zuwa ba, aikinsa ya tafi, danginsa sun warwatsu zuwa Houston da Atlanta, cocinsa ya rushe, kuma asibitin Charity, wanda talakawan birnin suka dogara da shi, musamman masu larurar ƙwaƙwalwa, an rufe shi bayan ambaliyar ba a sake buɗewa ba. Mai kuɗi da inshora yana gyara gidansa ya koma rayuwarsa, talaka kuwa musibarsa tana haifar wata musibar.

Tsarin gwamnatin tarayya bai dace da wannan gaskiya ba. Akwai shirin ba da shawara ga waɗanda bala'i ya girgiza, wanda hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ke biyan kuɗinsa, shi ne aka yi amfani da shi a wannan birni bayan harin 11 ga Satumba da sunan Project Liberty, aka kuma sake amfani da shi bayan guguwar Sandy ta 2012 da sunan Project Hope. Amma ba ya buɗewa sai shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i ko halin gaggawa, zangonsa na farko kwana 60 ne, na biyu kuma kimanin wata 9. Gobarar gini ɗaya, komai yawan gawarwakinta, ba kasafai take kai wannan matsayi ba, alhali irin waɗannan ne suka fi addabar Bronx. Wannan giɓi ne da birni da gunduma kaɗai za su iya cikewa, shi ya sa na kawo kukana gare ki maimakon Washington.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi sani, wato harshe. Dokar birni mai lamba 30 ta shekarar 2017 ta wajabta wa hukumomi su fassara muhimman takardunsu zuwa harsuna 10, waɗanda suka haɗa da Sifaniyanci da Sinanci da Rashanci da Bengali da Larabci da Faransanci. Babu Hausa a ciki, babu Fulatanci, babu Soninke ko Mandinka ko Wolof ko Twi. An ɗauka cewa Faransanci da Ingilishi sun wadatar da ɗan Afirka ta Yamma, amma tsohuwar da ta taho daga Tawa don rainon jikoki ba ta yi boko ba, kuma ko wanda ya yi bokon, idan cikinsa ya ɗuri ruwa harshen uwarsa ne ke fara zuwa bakinsa. Layin waya na 988 na masu matsananciyar damuwa ko tunanin kashe kansu, da aka buɗe a watan Yuli na 2022, da layin tarayya na masu damuwa bayan bala'i, duk suna iya haɗa mutum da tafinta ta waya, wannan gaskiya ne, amma sai mutum ya san da layin, ya yarda ya kira, ya kuma iya bayyana wa wanda ya ɗauka da Ingilishi wane harshe yake nema.

Ko an samu tafintan, da sauran rina a kaba. Na taɓa zama tsakanin wata likita mai kirki da wani direban tasi ɗan shekara 50 da wani abu, wanda gobara ta tashi a gininsu watanni kafin nan. Likitar tana karanto tambayoyi daga takarda, ko yana jin baƙin ciki, ko ya yanke ƙauna daga rayuwa, ko yana ganin kansa ba shi da amfani. Ina fassarawa daidai gwargwado, shi kuma yana amsawa da alhamdu lillahi, domin a wurinsa yanke ƙauna saɓon Allah ne, kuma namiji mai iyali ba ya zama gaban baƙuwar mace ya ce ba shi da amfani. Takardar ta nuna lafiyarsa ƙalau. Muna fitowa, a bakin lif, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ni fa kaina ne ke ɗaukar zafi, ƙirjina kamar an ɗora dutse, in na kwanta sai in riƙa jin warin hayaƙi, tunani ya yi mini yawa." Duk abin da likitar take nema yana cikin wannan jimla, amma ba ta yi tambayar da za ta fito da shi ba, ni kuma ƙa'idar aikina ba ta ba ni damar ƙara ko kalma ɗaya daga kaina ba. Na roƙe shi mu koma ciki ya maimaita, ya ce motarsa na tsaye a inda za a rubuta masa tara. Mutanenmu da jiki suke faɗin ciwon zuciya, sukan ce rashin barci, faɗuwar gaba, ciwon kai, jiri, yawan tunani, kuma duk ma'aikacin da ba a koya masa sauraron waɗannan kalmomi ba zai rubuta maganin ciwon kai ya sallami mutum. Mafi muni kuma shi ne abin da nake yawan gani idan babu tafinta, a sa yaro ɗan shekara 12 ya fassara wa mahaifiyarsa tambayar ko tana tunanin kashe kanta. Babu uwar da za ta amsa gaskiya, kuma babu yaron da ya kamata a ɗora wa wannan kaya.

Akwai kuma tsoro, wanda ba daga sama ya faɗo ba. Duk ɗan Afirka ta Yamma a wannan gunduma ya san sunan Amadou Diallo, ɗan Gini da 'yan sanda suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Soundview a 1999. Mun kuma san labarin Mohamed Bah, shi ma ɗan Gini, wanda mahaifiyarsa ta ga hankalinsa ya gushe a watan Satumba na 2012 ta sa aka kira lambar gaggawa ta 911 tana neman motar asibiti, sai 'yan sanda suka zo gidansa a Harlem suka harbe shi ya mutu. A nan Bronx, a watan Oktoba na 2016, an harbe Deborah Danner, baƙar fata mai shekara 66 da ke fama da larurar ƙwaƙwalwa, a cikin ɗakinta. Uwar da ta san waɗannan labarai, idan ɗanta ya fara sambatu bayan wata musiba, za ta kulle ƙofa ne ta kira malami, kuma ba zan iya ce mata ta yi wauta ba. Shirin B-HEARD da aka fara a Harlem a 2021, wanda ke tura ma'aikatan lafiya maimakon 'yan sanda, mataki ne mai kyau kuma ya iso Bronx, amma an fara shi ne yana aiki awa 16 a rana, kuma mai kira ba shi ne ke zaɓar wanda za a turo masa ba. A kan wannan sai a ƙara fargabar takardun zama, da fargabar kada hukumar kula da yara ta ji cewa uwa ba ta da lafiyar ƙwaƙwalwa ta raba ta da 'ya'yanta. Ko da wannan fargaba ta wuce kima a wasu lokuta, tana hana mutane buɗe baki, kuma takardar sanarwa da aka liƙa a bango ba ta isa ta kawar da ita ba.

Ba zan ɗora wa hukuma laifin duka ba, domin mu ma muna da namu kason, kuma a nan ne nake so 'yan uwana su saurara. Kalma ɗaya muke da ita a bakin yawancinmu ga duk wata larurar ƙwaƙwalwa, ita ce hauka, kuma gidan da aka ce akwai mahaukaci a cikinsa har auren 'ya'yansa sai ya yi wuya, labarin kuma kafin magariba ya isa Kano ko Yamai ta WhatsApp. Mun mayar da haƙuri marufin baki. Mace ta ce ba ta iya barci, sai a ce ta yi haƙuri, ta ƙara faɗa, sai a ce imaninta ne ya yi rauni, ta fara firgita, sai a ce aljanu ne. Ban raina addu'a ba, ban raina ruƙiyya ba, ni kaina da su nake samun natsuwa, amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shi ne ya umarce mu da neman magani. Babu wanda ke cewa mai ciwon suga ya bar allurarsa ya tsaya ga tofi kaɗai. Limamai da dama a wannan gunduma sun fahimci haka, wasunsu ma su ne ke kiran irina a ɓoye suna tambayar inda za su tura wani bawan Allah, amma ba a ba su horo ba, ba a ba su lambar wani takamaiman mutum da za su kira ba, kuma su kansu, waɗanda suka wanke gawarwakin yara da hannunsu, babu wanda ya tambaye su yaya suka kwana.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa baƙar fata 'yan ƙalilan ne a duk faɗin Amurka, balle a ce masu jin Hausa ko Soninke, don haka jiran su daidai yake da jiran gawon shanu. Hanyar da ta rage ita ce a horar da waɗanda jama'a suka riga suka amince da su. An gwada wannan an ga amfaninsa. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu fama da abin da 'yan ƙabilar Shona ke kira kufungisisa, wanda ma'anarsa ita ce yawan tunani, daidai da yadda direban nan ya faɗa mini a bakin lif. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da waɗannan kakanni sun samu sauƙi ƙwarai fiye da waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba, har birnin New York kansa ya ari dabarar ya kafa irin waɗannan bencina a wasu unguwanni. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2011 ta fitar da jagorar taimakon farko ga wanda ya shiga ruɗani, wadda kowane mai hankali zai iya koyo cikin ɗan lokaci, wato ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da abin da yake buƙata, ba tare da ka tilasta masa ya maimaita abin da ya gani ba. Muna da irin waɗannan kakanni a kowane bene na Bronx. Su ne uwayen adashe, da malaman Islamiyya mata, da masu kitso a Titin Webster da Grand Concourse, waɗanda mace ke zama a gabansu awa 4 ta amayar da duk abin da ke cikinta.

Ranki ya daɗe, na san iyakar ikon kujerarki. Ba ke ke riƙe da ma'aikatar lafiya ba, ba ke ke ba 'yan sanda umarni ba. Amma kina da kaso a kuɗin manyan ayyuka na birni, kina ba da shawara kan kasafin kuɗi, ke ke naɗa mambobin kwamitocin unguwanni 12 na wannan gunduma, kina iya sa a gabatar da ƙudiri a majalisar birni, kuma idan kika kira taro ana zuwa. Abin da nake roƙo shi ne ki yi amfani da wannan dama ki tara ma'aikatar lafiya da hukumar agajin gaggawa ta birni da asibitocin gunduma da shugabannin masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan Afirka da na Karibiyan da na baƙar fatar Amurka, a rubuta shiri tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin shirin a horar da mutane daga kowace al'umma, maza da mata, a biya su ladan lokacinsu, kada a ce aikin sa kai ne, domin mai aikin kula da tsofaffi awa 12 a rana ba ta da rarar lokacin da za ta bayar kyauta. A tanadi jerin tafintoci na harsunanmu da aka koya musu wannan fanni musamman, waɗanda za su zo da ƙafarsu, kuma a shirya saƙonnin murya da waɗannan harsuna, tunda yawancin iyayenmu sauraro suke yi, ba karatu ba.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne bibiya. Duk lokacin da wata musiba ta auku, a sa wa kowane gida mutum ɗaya sananne da zai dawo bayan wata 3, ya dawo bayan wata 6, ya dawo ranar da abin ya cika shekara, ya kuma leƙa maƙwabta da makarantun yaran da masu wankan gawa, kuma ya zama yana da ikon taimakawa a kan matsalar haya da aiki da takardu, domin sau da yawa maganin rashin barcin magidanci shi ne a tabbatar masa ba za a fitar da shi daga gida ba. Ki kuma sa baki a faɗaɗa tawagar lafiya marar 'yan sanda ta riƙa aiki dare da rana, a bayyana wa jama'a da harshensu, daga bakin wanda suka yarda da shi, abin da doka ta ce game da sirrin marar lafiya.

Na fi yin magana a kan gobara domin ita ce ta fi ƙona mu, amma ba ita kaɗai ba ce. A farkon annobar korona a 2020, Bronx ce ta fi kowace gunduma a birnin nan yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma da yawa daga cikinmu sun binne iyaye ba tare da sahun jana'iza ko zaman makoki ba, abin da har yau yake cin wasu a rai. Ma'aikatar lafiya ta birni ta sha bayyana cewa zafin bazara yana kashe baƙar fata ninki biyu na yadda yake kashe farar fata. Ruwan guguwar Ida a watan Satumba na 2021 ya mayar da babbar hanyar Major Deegan kogi. Sannan ɗan ci-rani musibarsa biyu ce, domin lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, akwai waɗanda suka kwana nan Bronx riƙe da waya suna kiran lambar da ba ta shiga, da safe kuma suka tafi aiki kamar ba abin da ya faru.

Ranar 1 ga Oktoba ce doka ta ce masu gidajen haya su fara ba da ɗumi, kuma kowa ya san akwai gine-ginen da ba za a ba da shi yadda ya kamata ba, za a sake fito da hita daga ƙarƙashin gado, wasu ma su kunna murhun girki su bar shi a buɗe. Ina roƙon a yi wannan zama kafin sanyi mai zuwa ya kankama, kuma idan kin kira shi, ni da wasu abokan aikina tafintoci za mu zo mu yi fassara. Maƙwabciyar tawa ta samu sauƙi sosai, bayan da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Gana ta zauna da ita sau da dama ta kuma raka ta wurin likita da kanta. Ta koma aiki, tana cire hijabi idan za ta kwanta, amma jakar ledar tana nan a bakin ƙofa, kuma ta ce kada wanda ya taɓa mata ita.

Allah ya taya ki riƙo, ya kiyaye mu baki ɗaya.

Naki cikin girmamawa,
Wani tafintan Hausa, mazaunin Bronx